Rigar Kanwa ta Kwamanda Nababa

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa caji a bakin tashar Tsohon Birnin Gwari ya san Nababa, kuma ya san kafin wayar ta cika kunnensa ne zai fara cika. Rumfa ce ta langa-langa, da farantin sola ɗaya a kan rufi, da wata tsohuwar kwamfuta da yake tura wa mutane fina-finai da ita. A gaban kwamfutar nan Nababa ya yi karatunsa kaf. Shekara uku bai kalli komai ba sai fina-finan mutanen da jirginsu ya faɗi a wata duniya can bayan taurari, inda rana biyu ke fitowa lokaci guda, ƙasa ja wur, halittun wurin kuma ba su da sana'a sai cin baƙi. Ko kalma ɗaya ba ya ji a yaren da ake yi, amma wannan bai taɓa hana shi yi wa jama'a fassara ba.

"Kun ga wannan da aka haɗiye?" sai ya nuna da tsinken sakace. "Wauta ce ta kashe shi. Ina za ka juya wa halitta baya a duniyar da ba taka ba? Da ni ne a jirgin nan, wallahi ko mutum ɗaya ba za a rasa ba."

Maƙwabcinsa Idrisu mai walda, wanda Allah ya hore wa iya zuga mutum ba tare da ya yi ko murmushi ba, shi ya laƙaba masa Kwamanda. Nababa bai ga zolaya a ciki ba, washegari ma ya sa aka rubuta sunan a jikin rumfa da jan fenti. Jarumtarsa kuwa gari ya shaida ta ranar da tayar wata motar gawayi ta fashe a tasha. Sai da aka yi cigiya kafin a same shi a ƙarƙashin teburin mai shayi, ya fito yana karkaɗe gwiwa, ya ce wuri ya kama don ya ga ta inda za a ɓullo.

A tsallaken titi, daidai saitin rumfarsa, Lailatu take suyar waina. Bazawara ce, mijinta maharbi ne, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Nababa yana sonta, so na gaske, irin wanda ke sa sarkin surutu ya rasa ta cewa. Shekara guda yana zarya. Ita ma ba za a ce ba ta kula shi ba, don kowa abin da ya saya ake zuba masa, Nababa kaɗai ake ɗora wa waina ɗaya a sama gyara, kuma duk tasha an lura.

Wata safiya ya yi ta maza ya tambaye ta matsayinsa. Ta ci gaba da juya wainar da ke tanda, ba ta ɗago ba.

"Malam Nababa, ni ba abin hannunka nake dubawa ba, tandata ta ishe ni. Amma ka san garin da muke ciki. Ina son namijin da in abu ya taso zai tsaya a gabana. Shi ke nan. Ka bari sai ran kasuwa mai zuwa, zan ba ka amsa."

"Tsayawa kawai?" Ya bugi ƙirji har sai da ya yi tari. "Lailatu, ni da na san yadda ake rayuwa a duniyar da iskarta guba ce?"

"To madalla. Miƙo kwanonka."

Kwana bakwai ke nan a hannunsa, matsalarsa kuma ɗaya ce. Yana bukatar abin tsoron da zai tsaya a gabansa jama'a su gani, amma irin wanda ba ya harbi, ba ya cizo, ba ya kuma gudu da sauri. Dajin bayan gari cike yake da abin tsoro na gaske, shi ya sa ko sashensa bai kalla ba.

Rana ta biyu sabis ya ɗauke, ya hau tudun bakin daji inda kowa ke zuwa ɗaga waya, kusa da mashayar shanu. Akwai wani kufai a wurin, ragowar katangar ƙasa da ta kai ƙirjin mutum. Nababa ya jingina, hannunsa ya faɗa cikin wani lotsawa a jikin katangar, sumul kamar cikin ƙwarya, da danshi, da wani yauƙi mai bin yatsa. Ya duba, ga irinsa nan har biyar a jere. Ya kwaso da gudu, sai da ya hango mutane sannan ya koma tafiyar ƙasaita.

"Sun sauka!" ya faɗa a tsakiyar tasha.

A garin nan ba a wasa da irin wannan magana. Masu shayi suka ajiye kofi, wani direba ya riga ya tayar da mota.

"Su wa? Ta ina? Su nawa ne?"

"Masu dogon harshe! Halittun duniyar rana biyu! Na ga inda suka lashi katangar kufai har ta lotsa!"

Direba ya kashe mota. Masu shayi suka ɗauki kofunansu, wani dattijo ya ce Allah ya shirya. Babu wanda bai san kufan nan ba. Rumbun fatake ne a da, inda ake jibge gishiri da kanwa, ƙasar ta sha ta ƙoshi, shanu kuwa in za su mashaya sai sun tsaya sun lasa. Wani ya buɗe baki zai faɗa, Idrisu ya taka masa ƙafa.

"Kwamanda, wannan babbar magana ce," in ji Idrisu. "Yanzu mu talakawa ina za mu sa kanmu?"

"Ku kwantar da hankalinku. Na san su ciki da waje. Ba su da ƙashi, jikinsu irin na dodon koɗi ne, harshen kuwa ya kai tsawon rawani. Bindiga ba ta cinsu. Abu ɗaya ne ajalinsu, gishiri. Da ya taɓa su sai su narke. A wani fim da buhu ɗaya aka gama da gari guda nasu."

"Ikon Allah. To ga shi su ma katangar gishiri suke lasa."

"Gwaji suke yi, Idrisu. Ba ka san yaƙi ba."

Nan take ya sanar cewa ran kasuwa da hantsi zai fuskance su a kufai, shi kaɗai, a gaban kowa. Ya faɗa da ƙarfi yadda muryar za ta tsallaka titi ta kai kunnen Lailatu.

Daga nan sai wurin Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifin Lailatu, wadda ita kaɗai ke sayar da kanwa da manda a garin. Manda shi ne baƙin gishirin nan da ake ba dabbobi. Nababa ya gaishe ta har ƙasa, sannan ya ce duka yake so.

"Duka me?"

"Kanwar, da mandar, da farin gishirin. Har na ƙasan buhu."

"Kai ɗan nan, miyar kuka za ka yi wa ƙasar Birnin Gwari ko wanki za ka buɗe?"

"Rigar yaƙi zan yi, Gwaggo. Ceton bil'adama."

"Bil'adama ta aiko ka? To ka ji, damina ce, hanya ta lalace, mota ba za ta kawo mini wata ba sai ƙasa ta tsane. Lokacin ba shanu kanwa ne kuma, Fulani na hanya."

Tana rufe baki sai ga Bakoji, wani dattijon makiyayi da garkensa ke bayan tudu, da sanda a kafaɗa da buhu a naɗe. Ya tarar ana ɗaure kaya. Ya ji bayani, ya dubi Nababa daga hula har takalmi.

"Malam, ka rage mini ko kwano biyu. Wata biyu rabon shanuna da kanwa, har tsumma suke tauna."

"Baffa, shanunka ko rayuwar duniya baki ɗaya? Su yi haƙuri."

"Ni kam zan yi haƙuri," in ji Bakoji yana mayar da buhunsa hammata. "Su ne dai ban sani ba."

Kwana huɗu aka yi ana haɗa rigar a bayan shagon Idrisu. Buhunan masara aka yanka aka ɗinke, hannu da ƙafa a haɗe. Aka dama kokon rogo mai kauri, aka daka kanwa da manda da gishiri aka zuba, aka yi ta yaɓawa ana shanyawa, shafi a kan shafi, har rigar ta iya tsayawa da kanta a jikin bango. Aka samo hular kwano ta ɗan acaɓa mai gilashi a gaba. Injin feshin ciyawa aka wanke aka cika da ruwan gishiri, shi ne makami. Nababa ya ce a duniyoyin sama rashin sadarwa ne ke fara kashe mutane, don haka aka aro lasifikar mai tallan maganin basir aka ɗaura masa a ƙeya, makirufon kuma aka manne a cikin hular, daidai bakinsa.

Ranar gwaji awakin unguwa uku suka biyo shi tun daga shagon, ɗaya ta kama gwiwar rigar tana tsotsa.

"Ka gani?" in ji Nababa. "Dabba ma ta san shugaba."

"Ƙwarai kuwa. Ga ta nan tana mubaya'a," in ji Idrisu.

Kanwa ta ci masa hammata da wuya har suka yi ja. Ya ce haka rigunan sama suke, sai jiki ya saba. Idrisu ya ba da shawarar a rufe bayan rigar da waya a murɗe da filaya, kada halitta ta samu ta inda za ta zura harshe.

"To ni ta yaya zan fita?"

"Kwamanda, in kai kana iya fita, ai su ma suna iya shiga."

Nababa ya jinjina kai, ya ce Idrisu ya fara fahimtar kimiyya.

Ran kasuwa aka wayi gari da rana tarwai, irin ta tsakiyar damina mai dafa mutum a tsaye. Aka zura Nababa a riga, aka murɗe waya. Nan aka gane kuskure na farko: rigar ta bushe ƙam, ba ta lanƙwasawa a gwiwa, ba ta lanƙwasawa a ƙugu. Babur da aka tanada domin shigar ƙasaita ya zama ba shi da amfani. Aka gwada ya taka da ƙafa, ya yi taku huɗu a minti biyar. A ƙarshe kurar ruwa aka sauke wa jarkoki, ƙarti huɗu suka ɗauke shi suka shimfiɗa a kai kamar ƙyauren ɗaki, ƙafafu a gaba.

"Jama'a a ba da hanya!" muryarsa ta fito ta lasifika, yana kallon sama. "Wannan shi ake kira jirgin sauka!"

"Wannan kam makara ce," in ji Gwaggo Tasalla. "Salati kawai ya rage."

Kasuwa ta watse ta bi kura. Masu hatsi daga Kuyello suka bar buhunansu, matan Gwari suka sauke itacensu daga kafaɗa suka biyo, mai tsire ya ɗauko tirensa don ya ga inda ciniki ya koma. Lailatu ma ta zo. Ta sa sabuwar atamfa da mayafin da ba a ganinsa sai da biki, tana riƙe da kwano mai murfi. Nababa ya hango ta ta gefen gilashi, zuciyarsa ta yi fari tas.

Aka kafa shi a gaban katangar, aka tokare da dutse ta baya. Ya yi gyaran murya, lasifika ta yi ƙara har jarirai suka fashe da kuka.

"Jama'ar Birnin Gwari! Yau za ku ga yadda ɗan Adam ke tsira a duniyar da ba tasa ba. Doka ta ɗaya, ba a gudu. Doka ta biyu, ba a barin na baya. Wanda ya sayar da ɗan'uwansa don ya tsira, a kowane fim shi ake fara cinyewa, kuma ya cancanta!"

"Allah ya ja zamanin Kwamanda!" in ji Idrisu. Aka yi tafi.

"Lailatu, zo ki tsaya a bayana. Nan ne wurin da ya fi ko'ina aminci a faɗin ƙasar nan."

Mata suka yi guɗa. Lailatu ta sunkuyar da kai, ta tako ta tsaya a bayansa da kwanonta.

Aka jira. Halittu ba su zo ba. Rana ta ɗaga, zufa ta karyo wa Nababa, ta haɗu da kanwa ta shiga duk inda fata ta yi laushi. Numfashinsa ya turara gilashin hular har ya daina ganin komai sai fari-fari. Mutane suka fara hamma, mai tsire ya fara zagayawa.

"Kwamanda, ko sun ji labarinka sun koma?" in ji wani.

"Ɓuya suka yi. Bari in tono su."

Ya kama hannun injin feshi ya yi ta bugawa, ya ɗaga bututun sama ya saki ruwan gishiri. Iska ta kwashe shi ta yi bayan tudu da shi.

A daidai lokacin ne Bakoji ya gangaro da garkensa zuwa mashaya, kamar yadda yake yi kullum in rana ta take. Shanu arba'in da 'yan kai, farare masu dogon ƙaho. Ta gaba ta tsaya cak, ta ɗaga hanci. Ta biyu ma haka. Sai garken gaba ɗaya ya karya kwana ya bar hanyar ruwa. Bakoji ya yi kira, ya ɗaga sanda, amma masu gani sun ce bai ɗaga ta da wani ƙarfi ba.

Jama'a suka dare biyu suna dariya. Nababa ba ya gani, ji kawai yake yi: ƙasa na rawa, ga huci, ga wani gurnani yana matsowa.

"Idrisu? Mene ne wannan? Idrisu!"

"Kwamanda, sun iso! Sun fi arba'in!"

"Su wa suka iso?"

"Waɗanda ka kira mana!"

Nababa bai taɓa kawowa a ransa cewa za su zo ba. Kafin ya ce wani abu, sai wani harshe, baƙi-baƙi, mai kaushi, mai faɗin tafin hannu, ya sharo gilashin hular daga haɓa har goshi, ya bar yauƙi. Abin da ya gani ke nan a duniya, harshe.

Ihun da ya yi, da taimakon lasifikar mai maganin basir, an ce har masu noma a hanyar Damari sun ɗago kai.

Ya danna feshi ta ko'ina. Shanu suka ce abin nema ya samu. Na baya suka turo na gaba, harshe ta ƙirji, harshe ta hammata, harshe ta bayan gwiwa. Ya tuna doka ta ɗaya, ya yanke shawarar karya ta, amma rigar ba ta san gudu ba. Wani bijimi ya sa goshi ya ɗan ture shi don ya samu wuri, Kwamanda ya tafi a sandare ya faɗi rigingine, hannuwa da ƙafafu a sama. Garke ya rufe shi.

"Ba sa narkewa! Idrisu, ba sa narkewa! Wayyo Allah, suna cin rigar!"

"Ka ƙara musu gishiri, Kwamanda!"

"Ya ƙare! Ku taimake ni! La'ilaha illallahu!"

Mutane na riƙe da ciki, wasu sun zauna a ƙasa. Gwaggo Tasalla tana share hawaye da bakin zane tana cewa kanwarta ba ta taɓa yin albarka irin ta yau ba. Lailatu kaɗai ba ta dariya sosai. Shanu ba baƙinta ba ne, ta matsa gefe kaɗan tana neman kara da za ta kore su, don ta ga abin ya isa haka.

Sai Nababa ya koma neman sulhu.

"Ku tsaya! Ku saurara, bayin Allah! Ni ba kwamanda ba ne! Caji nake yi, cajin waya! Idrisu ne ya haɗa rigar, shagonsa na kusa da nawa, mai koren ƙyaure!"

"Na gode, Kwamanda," in ji Idrisu.

Wani harshe ya samu inda kokon ya jiƙe a ciki, ya ratsa buhu ya taɓa fata. Nan sauran hankalin Nababa ya tafi.

"Kada ku ci ni! Ƙashi ne zalla, wallahi ba abin da za ku samu! Ga mace nan a bayana, Lailatu, mai waina ce, kullum cikin mai take, ta fi ni tsoka nesa ba kusa ba! Ku fara da ita! Ga ta nan, ku ɗauke ta!"

Lasifikar nan ba ta rage ko harafi ba. Dariya ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Babu abin da ake ji sai lasar shanu da shesshekar Nababa.

Lailatu ta ajiye kwanonta a kan katanga. Ta miƙa hannu, Bakoji ya ba ta sandarsa. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta zagayo ta tsaya a gaban Nababa, ta daka wa bijimin tsawa ta ɗana masa sanda a hanci. Ya ja baya. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya har suka watse suna lasar baki, Bakoji ya kaɗa su zuwa ruwa.

Abin da suka bari a ƙasa ba shi da kyan gani. Rigar yaƙi ta koma jiƙaƙƙen tsumma da 'yan wayoyi, Kwamanda na ciki daga shi sai singileti da gajeren wando, jiki duk yawu. Lailatu ta durƙusa ta zare masa hular. Ya ƙifta ido. Abu na farko da ya gani shi ne wata saniya da ta tsaya a baya tana tauna hannun rigarsa a natse. Na biyu kuma fuskar Lailatu.

Ya dubi saniya, ya dubi jama'a, ya dubi makirufon da ke lilo a bakin hular. A hankali abin da ya faɗa ya dawo masa.

"Lailatu, wato, dabarar yaƙi ce. Ana karkatar da hankalin abokin gaba ne, sannan a..."

"Malam Nababa, rufe bakinka, ƙuda zai shiga."

Ta miƙe ta ɗauko kwanon ta buɗe. Waina ce da zuma, irin wadda ba ta sayarwa.

"Ka ga wannan? Tun da asuba na soya maka. Na gaya wa Gwaggo jiya cewa na amince. Na san babu wasu masu dogon harshe, na san shanun Baffa ne, duk garin nan an sani. Na ce mutum ne mai surutu amma ba shi da mugunta, in yi ta dariya har tsufana. Ban ce ka kashe komai ba. Ko suma ka yi a tsaye, wallahi da na aure ka."

"Lailatu, tsoro ne..."

"Kowa na jin tsoro. Marigayi ma yana ji, na sha ganin gwiwarsa na rawa. Amma bai taɓa nuna ni da yatsa ba."

Ta mayar da murfi, ta miƙa wa Bakoji kwanon tare da sandarsa.

"Baffa, ga tukuicin aron sanda."

"Allah ya yi albarka, 'yata," in ji Bakoji. Ya juya wurin Nababa. "Malam, kai ma na gode. Ban taɓa ganin wanda ya daka kanwa, ya dama, ya kawo wa shanu har mashaya da ƙafarsa ba. In za ka sake, ka aiko mini tun da wuri in kira maƙwabta."

Ba wanda ya tsaya kwance wayar sai Idrisu, shi ma sai da ya koma gari ya ɗauko filaya, kuma bai yi sauri ba. Kurar da ta kawo Kwamanda ta koma ɗaukar ruwa, ya tako gida a ƙasa, awaki uku na biye da shi.

Sati biyu rumfar caji na rufe. Da ya buɗe, an ga ya goge jan fentin, sai dai sunan ya ƙi gogewa a bakin mutane. Ya daina fassara fina-finan sama, yanzu in an tambaye shi sai ya ce kwamfutar ce ta cinye su. Shanun Bakoji kuwa ba su manta alheri ba. Duk ranar da aka ratsa da su ta tasha sai sun tsaya a gaban rumfar sun zura kai, sai an sa sanda.

Lailatu ba ta yi gaba da shi ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Kullum da safe yakan tsallaka titi da kwanonsa, ya gaishe ta, ta amsa da fara'a kamar yadda take amsa wa direbobi da masu dako. Ta zuba masa abin da ya saya daidai, ta miƙo. Shi kuma sai ya ɗan tsaya da kwanon a hannu, yana kallon tanda, ko hannunta zai koma ya ɗauko ɗayar nan ta sama.

"Malam Nababa, matsa mana," takan ce. "Akwai mutane a bayanka."